Bakin Malam Muttaka a Allon Ƙofar Ruwa

Duk wanda ya san Koki ya san Malam Muttaka mai wankin hula. Ko bai san sunansa ba ya san rumfarsa, wadda huluna suke jere a rana a kan gumaka na itace, kamar kawunan mutanen da suka zo ɗaurin aure suka baro jikinsu a gida. Dogo ne siriri, ya ba hamsin baya, yana da ɗan gemu tsit wanda yake shafawa kafin ya yi magana, kai ka ce izini yake nema a wurinsa.

Sana'ar gado ce, amma shi ya ci moriyarta. A shekarar da sojoji suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula, ɗan takarar kansila ma sai da ya tara hula goma sha, kuma zufar kamfe ba ta barin hula ta yi kwana biyu a kai. 'Yan unguwa sukan ce Muttaka bai taɓa shiga jam'iyya ba, amma ko ido a rufe ya san warin kan kowacce. A shekarar ce kuma ya auri Turai, 'yar Baba Ilu mai sayar da kwaɗo da sakata da ƙusa a bakin titin Ƙofar Ruwa.

To, abin da aka fi sanin Muttaka da shi ba hula ba ne. Kunya ce. Ba a taɓa ganin bakinsa yana motsi da abinci ba. In aka kawo masa na rana, sai ya shige can ƙuryar rumfa ya saki buhun da ya yi labule da shi, ya fito yana goge hannu kamar wanda ya je dubo wani abu. A walima ana ba shi nasa yake turawa a aljihun babbar riga. Gambo mai facin taya, wanda taubashinsa ne kuma maƙwabcin rumfarsa, ya sha rantsewa cewa Muttaka sitacin hula yake shaƙa ya ƙoshi.

Kowa dai ya san namiji ba ya cin abinci a gaban surukinsa. Amma Muttaka ya kai abin inda babu mai kai shi. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, sai ya taka har Ƙofar Ruwa, ya tuɓe takalmi tun daga wajen kwata, ya durƙusa gaban bencin Baba Ilu ya gaishe shi. Tsohon ya amsa, ya nuna kular da ke gefensa.

"Ga ruwa nan, Malam."

"Alhamdu lillahi, Baba, a ƙoshe nake."

Shekara goma sha bakwai ana wannan. Har a tsakiyar bazara, lokacin da kwalta take kama takalmi, leɓen Muttaka ya bushe ya tsage, amsar ba ta canja. Baba Ilu kuwa tinƙaho yake da abin. In 'yan kasuwa suna ƙorafin surukan zamani masu miƙa hannu a gaisa, sai ya gyara zama ya ce, "Ni nawa ko ruwa bai taɓa sha a gabana ba." Maganar tana dawowa kunnen Muttaka, yana sunkuyar da kai, amma a ransa ya fi jin daɗinta a kan kujerar Makka. Ba shi da gida na kansa, ba shi da babur. Wannan maganar ce dukiyarsa.

Ana nan sai Alhaji Mamman, wanda Muttaka yake wanke wa hula tun suna samari, ya gina filaza daidai tsallaken rumfar Baba Ilu. Hawa uku, gabanta duk gilashi, ciki sanyi kamar firji, shaguna sun fi arba'in. A goshinta aka kafa wani ƙaton allo mai haske, faɗinsa ya kai zauren mai unguwa, yana nuna talla tun safe har magariba. Dattawa suka sa masa suna majigin Alhaji Mamman.

Allon ya tara jama'a, ba a magana. Sai dai a waje. Abin da yake nunawa wasu Turawa ne suna tura kwandon ƙarfe mai taya suna dariya ba dalili, da wata mata tana rungume da kwalbar man gashi. Mutanen cikin gari su tsaya su kalla, su ce "Allah mai iko," su wuce kasuwar da suka saba. Wa zai tura ƙofar gilashi da silifas ya je a tambaye shi me yake nema? Wata uku masu shago suna hamma.

Sai Alhaji ya ɗora 'yarsa Ikram a kan harkar. Ta gama jami'a, ga ta da kai. Kwana biyu ta yi tana tsayawa a tsallaken titi tana sauraron masu kallo, ta dawo ta ce wa ubanta matsalar ɗaya ce: babu wanda ya ga mai kama da shi a allon nan. A cire Turawa, a sa 'yan gari. Ta kuma sa aka ba wata mata mai gurasa shago a ƙasa, kusa da ƙofa, don ƙamshi ya riƙa fita.

Ranar da tsautsayi ya faɗa wa Muttaka Talata ce. Ya kai wa Alhaji huluna shida, bai karya ba tun safe, ga shi azahar ta gota. Yana fitowa daga ofis Ikram ta tare shi da faranti.

"Baba, yau kyauta muke ba kowa. Bandashe ne, ɗanɗana mana."

"A'a, 'yata, a ƙoshe nake."

"Haba Baba, in ka ƙi ai ka ƙi mu ne. Ga lungu can bayan ginshiƙi, ba kowa."

Ya dubi farantin. Gurasa ta sha ruwa ta yi laushi, an barbaɗe ta da ƙuli, man gyaɗa yana ƙyalli, ga albasa ga tumatir ga yaji. Cikinsa ya yi wata ƙara da shi kansa ya ji kunyarta. Ya karɓa.

"Za mu ɗan ɗauke ka a kyamara, Baba, mu sa a allo. Ka yarda?"

A nan ne fa Malam ya yi lissafin da ya kayar da shi. Na farko, ba zai iya ce wa 'yar Alhaji a'a sau biyu a rana ɗaya ba. Na biyu, shi a saninsa abin da aka ɗauka a kyamara kamar labaran talabijin ne: a nuna sau ɗaya, ya wuce, gobe a kawo wani. Ya ce a ransa, ƙiftawar ido ce, wa zai lura? Ya ce, "Ba komai." Kuma da lomar farko ta shiga, ya manta da kyamara, ya manta da Ikram, ya manta da sunan unguwarsu. Mutumin da ya saba ci a bayan labule ai bai taɓa koyon cin da ake yi don idon mutane ba. Ya ci irin na tsakani da Allah.

Ranar Alhamis da hantsi Gambo ya faɗo rumfar yana riƙe da ciki.

"Muttaka! Ashe kana da haƙora?"

"Wane irin zance ne wannan da safe?"

"Wallahi har na ƙirga su. Akwai na ƙasa guda ɗaya da ya ɗan karkace. Taso, taso ka ga ikon Allah."

Ya ja shi a babur. Tun daga nesa Muttaka ya hango taron, ya ɗaga kai. Ga shi can a sama. Kansa kaɗai ya kai girman adaidaita sahu. Kuma 'yan banzan ba su bar abin ya tafi yadda ya faru ba, sun rage masa gudu. Hannu ya taso a hankali da loma, mai yana ɗiga. Baki ya buɗe, ya yi ta buɗewa, kamar ƙofar gareji. Loma ta shige. Ido ya lumshe. Garin ƙuli ya zauna a gemu ɗaya bayan ɗaya. Sannan, Allah ya jiƙan mutunci, ya lashe yatsu: babba, manuni, na tsakiya. Rubutu ya fito a ƙasa da jan launi, wai shigo ka ci irin na Malam.

Taron ya kwashe da dariya. Wani ɗan dako ya ce, "Kai, wannan bawan Allah ya iya ci!" ya ajiye kurarsa ya tura ƙofar gilashi ya shiga.

"To ai ya wuce," in ji Muttaka da wata murya kamar ta mai zazzaɓi. "Mu tafi."

"Ya wuce ina? Tsaya."

Aka nuna atamfa, aka nuna wayoyi, aka nuna takalman yara. Minti biyar bai cika ba sai ga hannu ya sake tasowa da loma.

"Tun ƙarfe takwas kake ci," in ji Gambo yana share hawaye. "Ni sau goma sha ɗaya na gani da idona. Kai ko ƙwarewa ba ka yi?"

Muttaka bai ji shi ba. Idonsa ya sauka daga allon ya tsallaka titi, ya bi inda allon yake fuskanta. Rumfar Baba Ilu. Saiti ɗaya, kamar da igiya aka auna. Bai tsaya ya ga ko tsohon yana nan ba. Ya ja hularsa har gira, ya faɗa lungu, ya dawo Koki a ƙafa ta hanyar da ko akuya ba ta bi.

Washegari Juma'a. Ya yi wanka, ya sa farar rigarsa, ya je masallaci, aka sallame, ya kama hanyar Ƙofar Ruwa. Yana jiyo kiɗan tallar daga nesa sai ya juya. Ina zai sa fuskarsa? Ya durƙusa ya ce a ƙoshe yake, alhali ga shi can a sama yana lashe yatsu?

Juma'a ta biyu ya ce mura yake yi. Ta uku ya ce aiki ya yi yawa.

Filaza kuwa ta cika ta batse. Wanda ya shiga don gurasa sai ya ga ashe ba a korar mai silifas, ya hau sama ya sayi fitila. Matan Dukawuya suna aiko a sayo musu irin na Malam. Sunan Muttaka ya ɓata, ya koma Malam Bandashe. Masu kawo hula suna miƙa masa suna kallon gemunsa. Wani ɗan siyasa ya ce zai so su yi hoto tare. Shi kuwa ya daina cin na rana gaba ɗaya, ya ƙara ramewa, ga wancan na allo kullum fuskarsa tana sheƙi.

Ranar Alhamis ta biyar, da la'asar, Turai ta dawo daga gidansu. Ta ajiye mayafi, ta zauna a bakin gado, ba ta dube shi ba.

"Malam, Baba ya ce in tambaye ka."

"Me ya ce?"

"Ya ce in wani laifi ya yi maka, ka yafe masa. Shi tsoho ne, ba ya sanin sanda yake ɓata wa mutane."

"Shi ya yi min laifi? Shi?"

"To me zai ce? Shekara goma sha bakwai, ko ranar da na haifi Hasana ba ka fasa zuwa ba."

"Ya yi maganar... abin nan?"

"Wane abu?" Ta ɗago ta dube shi sosai. "Gurasar? Malam, ni na daɗe da sanin kana lashe yatsu, ban kai ƙara wurin kowa ba. Baba bai ce komai a kai ba. Ka je ka gani da idonka, ni ba zan faɗa ba."

Washegari ya je. Ya bi ta bayan masu rodi, kansa a ƙasa, ya ɓullo ta gefen rumfar. Sai ya tsaya.

Bencin Baba Ilu, wanda tun Muttaka yana saurayi yake fuskantar titi, an juya shi. Tsohon yana zaune ya ba titi baya, ya ba kayansa baya, fuskarsa tana kallon bangon langalanga. Wajen da ya koma rumfar ba ta rufe shi duka ba, rana tana dukan ƙeyarsa. Wani mai saye ya zo ya tsaya gaban tebur, ya ɗaga kwaɗo ya juya, ya yi sallama, ya ga bayan mutum kawai, ya ajiye ya matsa rumfar gaba.

Mai fenti na kusa ya matso ya rage murya. "Tun ranar da aka sa abin nan. Da safe muka ce masa, Baba, ga surukinka a majigi. Bai ɗaga kai ba. Ya ce in kama masa benci. Mun yi mun yi, ya ce shi ba zai kalli abin da Malam bai nuna masa ba."

Muttaka ya ji kamar a tsaga ƙasa ya shige. Waccan ta allo kunya ce ta dariya. Wannan ko dariya babu a cikinta. Shi yana can yana ɓuya a lungu yana jinyar fuskarsa, tsoho mai shekara tamanin yana nan yana gasa ƙeya a rana, yana korar ciniki, don kada maganar da yake tinƙaho da ita ta zama ƙarya. Kuma ko gaisuwar ba a zo an yi masa ba.

Ya tuɓe takalmi. Don ya durƙusa a gaban tsohon dole ya matse tsakanin benci da bango, ya fuskanci titi. Ya durƙusa.

"Barka da Juma'a, Baba."

"A'a, Malam. Kwana biyu."

"Na yi laifi, Baba."

"Aiki ne. Mun san aiki."

Muttaka ya ɗan ɗago don ya amsa, sai ga shi can, daidai saman hular Baba Ilu, baki yana buɗewa. Ya mayar da ido ƙasa da sauri.

"Baba, rana tana dukanka a nan."

"Wuyan nan ne yake damuna," in ji tsohon yana shafa shi. "An ce zafin rana yana yi masa magani." Ya nuna kula. "Ga ruwa nan, Malam."

Muttaka ya buɗe baki, amsar shekara goma sha bakwai ta ƙi fitowa. Ga kiɗan talla yana tashi, ga wani a tsallake yana ihu, "Ga shi nan zai lashe!" Da ƙyar ya ce, "Ina zuwa, Baba," ya miƙe.

Mutumin da ya yi sati biyar yana bin lungu, ranar ta tsakiyar titi ya tsallaka, ya ratsa taron da ke kallonsa a sama suna kallonsa a ƙasa. Aka fara tafi. Bai waiwaya ba. Ya tura ƙofar gilashi ya hau ofis.

"Baba!" in ji Ikram ta miƙe. "Ai neman ka muke. Wallahi kai ka buɗe mana kasuwa. Muna so mu sake wani, wannan karon da fura."

"'Yata, a cire ni."

"A cire? Wani ya faɗa maka magana ne? Ai kowa yabo yake."

Ya shafa gemu, ya shafa, izinin bai samu ba. Yaya zai bayyana wa yarinya 'yar boko abin da shi kansa ba ya iya furtawa? Sai ya ce, "Zo ki gani." Ya kai ta jikin gilashin da ke kallon titi, ya nuna da haɓa.

"Kin ga tsohon can?"

"Mai kwaɗo? Na lura da shi. Shi kaɗai ne a layin nan ba ya kallon allonmu, har na ce ko haushinmu yake ji."

"Mahaifin mai ɗakina ne."

Ikram ta dubi bayan tsohon, ta dubi Muttaka, ta sake duban tsohon. Jami'a ba ta raba ta da tarbiyyar cikin ganuwa ba. Ta ɗora hannu a baki.

"Innalillahi. Baba, me ya sa ba ka faɗa ba tun ranar?"

"Na zaci sau ɗaya ake nunawa."

Ta so ta yi dariya, ta danne, ta koma kan kwamfutarta ta danna wani abu. A waje, hannu yana tsakiyar tasowa da loma, allo ya ɗauke ya koma atamfa. Taron ya yi "Aaa!" kamar an ɗauke wuta ana tsakiyar ƙwallo.

"An cire, Baba, ka yafe ni. Amma fa ka bar ni da rami. Mai gurasa za ta kashe ni. Ina zan samu mai ci irin naka?"

Karo na farko a sati biyar, wani abu mai kama da murmushi ya taɓa gemun Muttaka.

"Akwai wani mai faci a Koki. Surukansa suna can Gaya, kuma ko a gabansu yake ba abin da zai hana shi."

Gambo ko tayi na biyu bai jira ba. Ya zo da sabuwar riga, ya cinye faranti uku, ya nemi a sake ɗauka wai na farko bai fito da kyau ba. Har yau shi ne a allon, kuma in ya wuce a babur sai ya tsaya ya ɗaga wa kansa hannu. Masu shago dai sun ce ciniki bai ragu ba, amma mai gurasa ta ce na Malam ya fi shiga rai, don shi Gambo kowa ya san zai ci.

Sunan Malam Bandashe kuwa bai goge ba, kuma ba zai goge ba. Muttaka ya koma cin na rana, sai dai yanzu buhu biyu yake saki.

Juma'ar da ta biyo ya isa Ƙofar Ruwa tun kafin jama'a su watse. Benci ya koma fuskantar titi, Baba Ilu yana cikin inuwa yana miƙa wa wani sakata. Muttaka ya tuɓe takalmi a wajen kwata, ya durƙusa, ya ba allo baya.

"Barka da Juma'a, Baba. Yaya wuyan?"

"Ya yi sauƙi. Maganin ya karɓe ni." Tsohon ya nuna kula. "Ga ruwa nan, Malam."

Muttaka ya dubi ƙasa, kunnuwansa suna zafi.

"Alhamdu lillahi, Baba. A ƙoshe nake."

Baba Ilu ya gyaɗa kai a hankali, ya dubi mai fenti, ya dubi mai sayen sakata, ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Kun gani ko? Ni nawa ko ruwa bai taɓa sha a gabana ba."

Mai fenti ya juya ya shiga gyara gwangwanayen da ba su buƙatar gyara, kafaɗunsa suna rawa. Muttaka bai ɗago ba sai da tsohon ya sallame shi.